Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Kira Ga Shugabannin Makarantunmu Na Agege

Ga shi dai dogon hutu ya ƙare, watan Satumba ya kama, makarantun Jihar Legas za su shiga sabuwar shekarar karatu. Duk wanda ya daɗe a Agege, ko Idi-Araba, ko Obalende, ko Mile 12, ya san abin da zai gani a makon farko ba sai an gaya masa ba. Iyaye za su cika ƙofar ofishin hedimasta tun da sassafe, wani riƙe da yaro ɗaya, wani da uku. Benci ba zai isa ba. Malamin lissafi ya sami wani aiki ya tafi tun tsakiyar hutu, ba wanda ya sani sai ran da aka buɗe. Littafin rajista na bara ya cika, ba a sayi sabo ba. Kwanon aji uku da ya yi yoyo a damina yana nan yadda aka bar shi. Sai a yi mako biyu, wani lokaci har uku, yara na shara da wasan guje-guje, ana cewa ai farkon shekara ne, haka ya gada.

To, jama'a, ni ban yarda haka ya gada ba. In aka duba da kyau za a ga matsalar bana ita ce ta bara, ita ce kuma ta bara waccan. Abin da ke faruwa sau ɗaya tsautsayi ne, amma abin da ke zuwa kowace shekara a wata guda, a mako guda, ya tashi daga tsautsayi ya zama sakaci. Maganata a yau da hedimastoci nake, da masu makarantun kuɗi da na Islamiyya a unguwanninmu, da shugabannin kwamitocin iyaye. Abu biyu nake roƙo: a ƙirga kafin a buɗe, a kuma rubuta kuskuren bana don kada a maimaita shi baɗi.

YADDA GWAMNATOCI SUKA YI TUNTUƁE

Kada wani hedimasta ya ji kamar shi kaɗai aka sa wa ido. Manyan ƙasar nan sun riga shi faɗawa wannan rami, kuma labarinsu ya isa ya zama darasi ga kowa.

A 1952 Ministan Ilmi na Jihar Yamma, Cif Awokoya, ya kai wa majalisa shirin ba da ilmin firamare kyauta. Gwamnatin Cif Awolowo ba ta fara ba sai Janairun 1955. Tsakanin nan an gina ɗakunan karatu, an horar da malamai, an kuma yi rajistar yara tun kafin ranar buɗewa. Rajistar nan ce ta tona cewa yaran da za a kawo aji ɗaya sun zarce lissafin da aka yi daga ƙidayar jama'a nesa ba kusa ba. Yaran firamare na jihar sun tashi daga wajen 457,000 a 1954 zuwa wajen 811,000 a 1955. An sha wuya ƙwarai, amma da yake an ga yawan tun da sauran lokaci, shirin bai rushe ba.

Jihar Gabas ta ga abin ya yi kyau, ita ma ta fara nata a 1957, sai dai ba ta yi dogon shiri irin na Yamma ba. Shekara guda kurum kuɗi ya gaza. A 1958 aka mai da kuɗin makaranta a wasu azuzuwa, mata suka fito zanga-zanga a garuruwa da dama. Ga misali biyu a gaban kowa, ɗaya na wanda ya ƙirga, ɗaya na wanda ya yi gaggawa.

Bayan shekara kusan ashirin sai gwamnatin tarayya ta zo da nata. Janar Gowon ya yi shelar shirin UPE a Sakkwato a farkon 1974, Janar Obasanjo kuma ya ƙaddamar da shi ran 6 ga Satumba 1976 a makarantar firamare ta Oke Suna, nan cikin Ikko. Masu tsari sun yi tsammanin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya. Da aka buɗe sai ga wajen miliyan 3. Me ya jawo? An soke ƙidayar 1973, saboda haka da ƙidayar 1963 aka yi lissafi, ita ma kuwa an daɗe ana gardama a kanta. Ga shi yawancin yara ba su da takardar haihuwa. Dattawanmu suna tune da yadda ake sa yaro ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunnensa na ɗaya gefen, in ya taɓo an ɗauke shi. Da wanda bai kai shekara 6 ba, da wanda ya wuce 9, duk aka kwaso. Yara suka zauna gindin itatuwa, aka ɗebo malamai da horon gaggawa, har aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna don a cike giɓin. Zuwa 1980 yaran firamare sun haura miliyan 12. Da kuɗin man fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980, sai albashin malamai ya tsaya, jihohi da yawa suka koma karɓar kuɗi a hannun iyaye da sunaye iri-iri.

Abin lura a nan shi ne, kuskuren 1976 ba sabo ba ne. An gan shi a 1955, an gan shi a 1957, yana nan a rubuce cikin fayil-fayil na ma'aikatu. Ko ba a buɗe fayil ɗin ba, ko an buɗe ba a ɗauki darasin ba. Haka nan aka sake ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato ran 30 ga Satumba 1999, dokarsa ta fito a 2004, ta ce karatun shekara 9 kyauta ne kuma tilas. A 2012 Shugaba Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi, can Sakkwato, aka gina irinta fiye da 150 a ƙasar nan. Da yawa daga cikinsu suka koma kufai bayan 'yan shekaru, domin an yi lissafin bulo da siminti, ba a yi lissafin wanda zai ci gaba da ciyar da yara da biyan malamai ba.

Akwai kuwa wanda ya dubi kuskure ya yi maganinsa, kuma a nan jihar aka yi. Kafin 1979 makarantun Ikko kashi-kashi ake karatu saboda ƙarancin ɗakuna, wasu yara da safe, wasu da rana, a wasu wurare har da 'yan yamma. Da Alhaji Lateef Jakande ya hau gwamna a Oktoban 1979 sai ya kama wannan ciwo guda. Aka lissafa ɗakunan da ake bukata, aka gina dubbai cikin gaggawa ba tare da ado ba. 'Yan adawa suka yi ta ba'a suna kiransu akurkin kaji, kuma gaskiya ne ginin bai yi ƙarko ba, gwamnatocin baya sun sake gina da yawa. Amma karatun kashi-kashi ya ƙare, kowane yaro ya koma zuwa da safe. Wanda ya san ciwonsa guda, ya san adadinsa, ya fi wanda ke kuka da komai a dunƙule.

ME YA SA BA MU KOYO?

Dalili na farko kunya ce. A wajenmu in shugaba ya ce na yi kuskure, gani ake girmansa ya zube. Saboda haka in aka zauna taron malamai sai a ɗora wa iyaye laifi, in aka zauna taron iyaye sai a ɗora wa gwamnati, a shafa fatiha a watse. Na biyu, komai a ka yake. Hedimasta ya san ajin da ya cika bara, ya san malamin da ya saba makara bayan hutu, amma ran da aka yi masa canji ko ya koma gida Arewa, sanin ya bi shi, wanda ya gaje shi sai ya fara daga farko. Na uku, tsoro. Ƙaramin malami ya ga inda aka kauce, amma ya san in ya faɗa za a ce ba shi da ladabi, ko a rage masa albashi, sai ya ja bakinsa ya yi shiru.

Mu dubi iyayenmu 'yan goro, waɗanda cinikinsu ne ya kafa Zangon Agege tun zamanin da jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano a 1912. Mai goro ba ya ɗaure huhu ya jingine ya ce Allah Ya kiyaye. Lokaci-lokaci yana kwancewa, ya tsince wanda sankara ta kama, ya sake ganye, ya yayyafa ruwa, ya mayar ya ɗaure. Ba ya jin kunyar a ga ruɓaɓɓe a hannunsa, domin ya san ƙwaya ɗaya in an bar ta za ta ɓata huhu duka. In kuwa ya yi hasara a wani kaya, ya san daga wane ƙauye aka sayo shi, ya san dillalin, baɗi ba za a sake yi masa ba. Makaranta ta fi huhun goro daraja, amma ita ce ba mu kwancewa mu duba.

Tun zamanin En'e kowace makaranta tana da littafin da hedimasta ke rubuta muhimman abubuwan da suka auku: ran da aka buɗe, yara nawa suka zo, wane malami ya iso, wane baƙo ya kawo ziyara, yaushe iska ta kwashe rufi. In mai duba makarantu ya zo, shi yake fara nema. Har yanzu yana cikin littattafan da ake bukata makaranta ta ajiye, sai dai a wurare da yawa ya zama na ado, ana cika shi daren da aka ji masu dubawa na tafe. Shawarata ita ce a farfaɗo da shi. A ƙarshen mako na biyu na wannan zango, tun abin yana ɗanye, hedimasta ya tara malamansa su rubuta shafi guda: me ya tafi daidai, me ya ɓaci, me ya jawo, wa zai gyara, kuma a wane wata. Kada a rubuta sunan mai laifi, a rubuta abin da ya faru. Da zarar an fara neman wanda za a kama, ba mai ƙara faɗin gaskiya. Sannan a watan Yuli, kafin a tafi dogon hutu, a buɗe wannan shafi a karanta shi a gaban kwamiti. Aikin ke nan, ba ya cin ko kwabo.

ƘIRGA TUN ANA HUTU

Babban abin da za a tarar a shafin nan, in an yi gaskiya, shi ne ba a san yawan yaran da za su zo ba. Unguwanninmu ba kamar sauran unguwannin Ikko ba ne. Jama'armu kullum a tafe suke. Tun da rikicin Boko Haram ya ɓarke a 2009, daga baya kuma 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato, iyalai da yawa sun biyo 'yan'uwansu nan kudu. Gidan da ke da yara huɗu a watan Yuni yana iya wayar gari da goma a watan Agusta. Ba wata ma'aikata a Alausa da za ta gaya wa hedimasta wannan. Ƙidayar da ake dogara da ita ta 2006 ce, wadda aka shirya yi a 2023 ma an ɗage ta.

Amma abin da ya gagari gwamnati bai gagari unguwa ba. Muna da masallatai, muna da limamai, muna da fadar Sarkin Hausawa da masu unguwanni, muna da shugabannin kasuwa da na 'yan mayanka a Oko-Oba. Makonni huɗu kafin a buɗe, a yi sanarwa bayan sallar Juma'a cewa duk mai yaron da zai shiga makaranta ya zo ya rubuta suna. A zaɓi kwana uku a buɗe ofis don wannan kaɗai. A tura malamai mata su shiga gidaje, domin uwa ita ta san yaran da ke gidan, kuma ita ce za ta faɗi gaskiya a kan 'yan mata, waɗanda sau da yawa su ake mantawa da su in maigida ya zo rubuta suna. Da wannan lissafi a hannu za a san benci nawa za a ba kafinta, aji nawa za a raba biyu, malami nawa za a nema. In kuwa wurin ba zai ɗauka ba, a gaya wa uba tun da wuri ya nemi wata makaranta. Ya fi a karɓi kuɗinsa a cusa ɗansa bayan aji inda ko allo ba ya gani.

SUNA DA RANAR HAIHUWA

Ga wani kuskure da ake yi cikin minti ɗaya a makon farko, a zo ana biyansa bayan shekara goma sha biyu. Wato rubuta sunan yaro a rajista.

Mu Hausawa mutum guda yana da suna uku ko huɗu. Wanda aka raɗa wa Abubakar, a gida Garba ne ko Habu ko Buba. Usman shi ne Shehu, Muhammadu shi ne Mamman, A'ishatu ita ce Indo, Hauwa'u ita ce Kulu, ga kuma sunan rana irin su Ladi da Talatu da Jummai. Wanda ya kawo yaro, wataƙila wansa ne ko yaron shago, sai ya faɗi wanda ya zo bakinsa. In malamin da ke rubutu Bayarabe ne, ba da mugun nufi ba zai rubuta Bakare a madadin Abubakar, ko Awawu a madadin Hauwa'u, domin haka suke faɗa. Sai a zo suna na biyu. Yau a sa na uba, gobe na kaka, jibi na gari, kamar yadda manyanmu na da suka yi suna da garuruwansu, irin su Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari. Ranar haihuwa kuwa sai uba ya ce da azumi ne, shekarar da aka yi ruwa mai yawa, malami ya gaji ya rubuta 1 ga Janairu.

A da ana wucewa da haka. Yanzu ba ya yiwuwa. Tun 2021 hukumar JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da lambar NIN ta ɗan ƙasa, kuma inji ba ya sanin cewa Garba shi ne Abubakar. In takardar haihuwa ta faɗi suna ɗaya, satifiket na makaranta ya faɗi wani, katin ɗan ƙasa ya faɗi na uku, sai a shiga zirga-zirga tsakanin kotu da ofis, a yi rantsuwa, a buga sanarwa a jarida, a kashe kuɗi. Wani yaron har lokacin rajista ya wuce bai gama ba, ya yi hasarar shekara. Ɗan talaka da ya sha wuya ya kai aji shida na sakandare, sai harafi biyu su tare masa hanya.

Maganin a hannun hedimasta yake. Kada a ba sabon malami ko ɗan aike aikin rajista, a sa wanda ya ji Hausa kuma ya iya rubutu. Uba ko uwa su zo da kansu. In akwai takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, a kwafe suna harafi da harafi yadda yake a ciki. In babu, a karɓi yaron, kada a kore shi, amma a tura uban ya yanko ta cikin wannan zango, ana samunta a ofisoshin ƙananan hukumomi da asibitocin gwamnati da dama. A karanta wa uba abin da aka rubuta, ya yarda, ya sa hannu ko ya dangwala. Daga ranar sunan ya zauna, kada wani malamin aji ya sake shi don son ransa.

MASU DAWOWA A MAKARE

Kowane hedimasta a Agege ya san akwai yaran da ba a ganinsu sai an yi wata guda da buɗewa. An tafi da su gida hutu, kuɗin mota ya yi wuya, ko an ce su tsaya a ɗebe amfanin gona, ko ana jiran bikin wata 'yar'uwa. In Salla ta faɗo kusa da buɗe makaranta kuwa abin ya fi muni. Kowace shekara ana fushi, ana bulala, ana barazanar kora, kowace shekara kuma haka ake yi. Tun da kalandar Musulunci a bayyane take, ana iya sanin inda Salla za ta faɗo tun shekara guda kafin ta zo. A rubuta ranar dawowa da Hausa a jikin takardar sakamakon kowane yaro, da boko da ajami in ya yiwu. A ajiye lambar wayar kowane uba, mako guda kafin buɗewa a aika saƙo. A duba rajistar bara a fitar da gidajen da suka saba makara, a je a zauna da su tun kafin su yi tafiya.

Haka nan yaron da aka kawo daga Arewa tsakiyar karatu. Ya zo da Hausa zalla, ya tarar ana koyarwa da Turanci, ga Yarabanci da dokar jihar ta 2018 ta wajabta koyarwa a makarantu. In aka jefa shi aji aka ƙyale, wata uku ya isa ya tsani makaranta ya koma tura baro a kasuwa. A gwada shi a ranar farko a san inda ya tsaya, a haɗa shi da yaron da aka haifa a nan ya zama ɗan jagoransa, a ware masa rabin sa'a bayan an tashi. Batun hijabi kuma, wanda ya sa wasu iyaye suka riƙe 'ya'yansu mata a gida shekara da shekaru, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yunin 2022 cewa ɗalibai Musulmi suna da ikon sa shi a makarantun gwamnatin Legas. Shugabanni su sanar da iyaye wannan, domin har yanzu akwai waɗanda ba su ji ba.

A DUBA GINI

Wannan kuwa ba a jira a koya daga kuskuren kai, domin rai ba ya dawowa. Ran 13 ga Maris 2019 wani bene ya rufta a Ita Faji, cikin tsibirin Ikko, akwai makarantar yara a samansa, mutum wajen 20 suka rasu, da yawansu ƙananan yara. Ran 12 ga Yuli 2024 ginin wata makaranta ya rufta a Jos ana cikin jarrabawa, mutum 22 suka riga mu gidan gaskiya. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Makarantunmu da yawa gidajen haya ne da aka yi don iyali, aka mai da ɗakunan kwana azuzuwa, wasu ma aka ɗora bene a kan tsohon tushe. Ga ruwan Ikko da ke sake sauka a Satumba da Oktoba. Kafin yaro ɗaya ya taka ƙofa, a kira injiniya ko magini mai tsoron Allah ya zaga. A dubi tsagewar bango, da matakala, da wayar lantarki, da murfin rijiya da na masai. A tabbata ƙofar fita ba guda ɗaya ba ce, kuma ba a kulle ta da kwaɗo ana cikin karatu. In ya ce ɗaki kaza ba shi da lafiya, a rufe shi ko da za a yi hasarar kuɗin aji guda. Abin da ya faɗa kuma a rubuta shi a littafin nan, da kwanan wata.

MALAMAI DA KUƊI

Malamin da ya gudu cikin hutu ba dare ɗaya ya yanke shawara ba. Yawanci makarantun kuɗi ba sa biyan albashin watan Agusta, suna cewa ai ba a aiki, alhali mai gidan haya bai san hutu ba. In littafin ya nuna shekara uku a jere ana rasa malami bayan dogon hutu, to ba malaman ne ke da laifi ba, tsarin biyan ne. A raba kuɗin shekara gida goma sha biyu tun farko. A tambayi kowane malami a watan Yuli, zai dawo ko ba zai dawo ba, a ba shi damar faɗin gaskiya ba tare da a riƙe masa haƙƙinsa ba. Iyaye kuma a ba su lissafin duk abin da za su biya a takarda ɗaya tun kafin hutu, da kuɗin makaranta da na littattafai da na ɗinki, a bar al'adar fito da sabon kuɗi kowane mako. Duk abin da aka karɓa a ba da rasit.

Na san wani zai ce, Malam, kana magana kamar muna da kuɗi. Gaskiya ne talauci na nan, kuma akwai abin da sai gwamnati. Amma a sake duba abubuwan da na lissafa, a ga nawa ne ke bukatar kuɗi. Sanarwa a masallaci kyauta ce. Rubuta suna daidai kyauta ne. Zaman sa'a guda da malamai kyauta ne. Kuma ko wajen gwamnati za a je, wanda ya tafi da takarda mai cewa yara kaza, benci kaza, ɗaki kaza ya tsage ran kaza, ya fi samun kunnen hukuma bisa wanda ya tafi da kuka kurum. Tsari kuwa ba baƙo ba ne a Agege. Marigayi Shehu Adamu Abdullahi na Ilori, da ya kafa Markaz a Abeokuta a 1952 ya kuma dawo da ita nan, ya shigo da aji-aji da jadawalin darussa da jarrabawa da satifiket cikin karatun Arabiyya, ga ta nan tana yaye ɗalibai shekaru da yawa bayan rasuwarsa a 1992.

Ku kuma iyaye, kada ku ce wannan aikin hedimasta ne. In an kira taro ku je. In an je ku tambaya a karanta muku abin da aka rubuta bara, da abin da aka gyara a ciki. Shugaban da ya fito ya ce ga inda muka kauce, ku riƙe shi da kyau, kada ku mai da maganarsa abin gori, domin irinsa ne za ku iya ba amanar 'ya'yanku. Mun baro garuruwanmu mun zo nan neman abinci, kuma yaran nan a nan za su yi gogayya da 'ya'yan waɗanda suka riga mu shiga makaranta da shekaru masu yawa. Mako ukun da ake zubarwa a farkon kowace shekara, in an tara su daga aji ɗaya zuwa aji shida, sun fi zangon karatu guda. Ba mu da rarar da za mu yi wannan hasara.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon gyarawa, Ya yi wa yaranmu albarka, Ya sa a buɗe lafiya a rufe lafiya, amin.